Fela Anikulapo-Kuti: Mai Zambon da Aka Kai Maiduguri Don Ya Yi Shiru

A cikin shekarar 1985, daga cikin fursunonin da ke gidan yarin Maiduguri akwai wani mutum siriri ɗan shekara 46 da aka kwaso daga Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,500, aka ajiye shi inda iyalinsa da lauyoyinsa da 'yan jarida ba za su riƙa zuwa wurinsa cikin sauƙi ba. Laifin da aka rubuta masa a takarda shi ne yunƙurin fita da fam 1,600 na Ingila daga ƙasar ba tare da ya bayyana su ba. Laifin da ba a rubuta ba kuwa kowa ya san shi: ya shafe fiye da shekara goma yana mayar da masu mulkin Najeriya abin dariya a bainar jama'a. Sunansa Fela Anikulapo-Kuti. An kai shi Barno ne don a huta da bakinsa, sai ga shi a can ya sami labarin da ya fi kowanne kunyata gwamnati. Ba shi ya ƙirƙiri labarin ba, har gadon asibiti aka kai masa shi.

An haife shi a Abeokuta ranar 15 ga Oktoba, 1938, a gidan boko da addini. Mahaifinsa, Rabaran Israel Ransome-Kuti, limamin coci ne, shugaban babbar makarantar sakandare ta garin, kuma shugaba na farko na Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Najeriya. Amma mai neman tushen Fela, wajen mahaifiyarsa zai duba. Funmilayo Ransome-Kuti ce ta jagoranci dubban matan kasuwa na Abeokuta, tsakanin 1947 da 1949, wajen yaƙi da harajin da aka ɗora wa mata. Makaminsu ba sanda ba ce. Sukan yi dandazo a ƙofar fadar Alake Ademola na Biyu, su kwana suna rera masa waƙoƙin zambo. Idan hukuma ta hana su izinin zanga-zanga, sai su ce ai biki suka fito yi. A watan Janairun 1949 Alake ya sauka daga gadonsa, ko da yake ya dawo daga baya. Fela yana ɗan shekara tara zuwa goma lokacin da ake wannan dambarwa, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

'Yan'uwansa maza biyu, Olikoye da Beko, likitoci suka zama. Shi kuwa da ya isa Landan a 1958, makarantar kiɗa ta Trinity ya shiga. Ya dawo gida a 1963, ya taɓa aiki a gidan rediyon Najeriya, yana kuma kiɗan rawa da ba ya taɓa kowa. Tafiyar da ya yi zuwa Amurka a 1969 ce ta sauya shi. A birnin Los Angeles ya haɗu da Sandra Smith, wadda ta buɗe masa ido kan gwagwarmayar baƙaƙen fata, ta sa shi karanta tarihin Malcolm X. Da ya dawo a 1970, kiɗansa na Afrobeat ya bunƙasa, tare da makaɗin gangarsa na musamman, Tony Allen. Ya kuma yanke shawarar da ta fi komai tasiri a rayuwarsa: ya rage waƙa da Yarabanci, ya guji Turancin 'yan boko, ya rungumi Turancin buroka. Da wannan harshe, direban mota a Onitsha da ɗan dako a Sabon Garin Kano da sojan da ke gadi a bariki duk suna jin abin da ake faɗa, kuma suna gane wanda ake nufi.

Ya buɗe gidan rawa da ya kira Shrine. Mutane ba kiɗa kaɗai ke kai su can ba. Kafin a fara, da tsakanin waƙa da waƙa, Fela kan ɗauki lasifika ya yi abin da mutanen Legas ke kira yabis, wato ba'a da tonon silili. Ya ɗauko jaridar ranar, ya ambaci babban soja ko ɗan kwangila da sunansa, ya kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, jama'a na faɗuwa don dariya. Yakan sayi fili a jaridu irin su Daily Times da Punch ya buga irin wannan shaguɓe a matsayin talla. Gidansa da ke kan titin Agege, a unguwar Mushin, ya kewaye shi da waya, ya ce ƙasa ce mai cin gashin kanta, Jamhuriyar Kalakuta. Sunan ma na wani ɗakin tsare mutane ne da aka taɓa kulle shi a ciki a ofishin 'yan sandan ciki na Alagbon. A gidan akwai jaki mai suna Yakubu, a lokacin da Janar Yakubu Gowon ke shugabancin ƙasa. A 1975 ya jefar da sunan Ransome, ya ce na bayi ne, ya ɗauki Anikulapo, ma'ana wanda ya sa mutuwa a aljihu.

Bahaushe ba baƙon wannan sana'a ba ne. A fada akwai wawan sarki, akwai wasan gauta inda ake kwaikwayon sarki da hakimansa su kuwa suna kallo. A watan azumi yara na tashe su taɓa mai rowa da malamin da bai iya ba. 'Yan kama na juya waƙar wa'azi ta koma ta tuwo. Babarbare da Bafillace kan yi wa juna tsiya son ransu, ba mai fushi, don wasa ne na gado. Sai dai duk waɗannan wasanni ne masu izini. An san lokacinsu, an san iyakarsu, kuma mai mulki ne ya yarda a yi masa. Fela bai nemi izinin kowa ba. Hausawa na cewa faɗan da ya fi ƙarfinka mayar da shi wasa, suna nufin ka sassauta ka tsira. Shi da ya mayar da faɗan wasa, sai wasan ya fi faɗan zafi.

Abin lura a tarihinsa shi ne, mafi yawan kayan zambonsa gwamnati ce ta ba shi da hannunta. A 1974 'yan sanda suka kai masa sumame, suka nuna wani naɗin tabar wiwi da suka ce nasa ne, shi kuwa ya ce su suka zo da shi. Ya fizge ya haɗiye. Aka kai shi Alagbon, aka sa jami'ai gadinsa kwana da kwanaki suna jiran ya yi bayan gida don a kai ɗakin gwaji. Da taimakon waɗanda ke tsare tare da shi, abin da ya isa hannun hukuma bai nuna komai ba. Aka sake shi. Shekara na zagayowa ya fitar da faifan Expensive Shit, wanda ya ba da labarin tun daga farko har ƙarshe. Babu marubucin barkwanci da zai iya tsara hoton jami'an gwamnati, da albashinsu da kakinsu, sun kewaye bokitin bayan gida da sunan aikin ƙasa. Ofis ne ya tsara shi, wani ya sa hannu, wasu suka aiwatar.

A 1976 ya fitar da Zombie. Waƙar ta kwatanta soja da gawar da aka tayar da tsafi, wadda ba ta motsi ba ta tunani sai an ba ta umarni, ya kuma ɗora ta kan salon faretin soja. Nan da nan ta fita daga faifai ta shiga titi. Yara da samari a Legas suka riƙa saɓa sanda a kafaɗa, su sandare, su yi maci idan sun ga soja ya wuce. Sojojin da suka fito daga yaƙin basasa suna ganin su suka riƙe ƙasar, ba su saba da haka ba. Zagi suna iya shanye shi, ko su rama da bulala. Amma me za a yi wa yaron da bai ce komai ba, maci kawai ya yi? Ƙari a kan haka, da aka buɗe bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a Legas a watan Janairun 1977, Fela ya janye daga shirin gwamnati ya buɗe nasa bikin a Shrine. Manyan baƙin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta gayyato da kuɗin man fetur, ciki har da Stevie Wonder, suka riƙa sulalewa can da dare suna sauraron ana caccakar mai masaukinsu.

Kwana shida bayan rufe bikin, ranar 18 ga Fabrairu, 1977, sojoji kusan 1,000 suka kewaye Kalakuta. Wata 'yar hatsaniya ce tsakanin yaran Fela da 'yan sandan soja kan dokar hanya ta zama hujja. Suka fasa shingen, suka lakaɗa wa duk wanda suka samu duka, suka ci zarafin mata, suka cinna wa gidan wuta, tare da kayan kiɗa da faya-fayai da ɗakin shan maganin da Beko ke kula da shi. Fela da Beko duka sun ji munanan raunuka. Funmilayo, mai shekara 76, ta taga aka jefo ta daga bene. Ba ta sake samun lafiya ba har ta rasu ranar 13 ga Afrilu, 1978. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya zauna, ya saurari shaidu, ya fitar da sakamako cewa wani soja da ba a san ko wane ne ba shi ya tayar da gobarar. Da tsakar rana aka yi abin, a gaban dubban 'yan kallo, daga barikin da ke kusa sojojin suka fito. Fela bai ƙara ko wasali a kan wannan sakamako ba. Ya ɗauke shi yadda yake ya mai da shi sunan faifai, Unknown Soldier, kuma tun daga lokacin kalmar ta shiga bakin 'yan Najeriya. Duk sa'ad da hukuma ta ce ba ta gano wanda ya yi ɓarnar da kowa ya gani ba, ita ake tunawa.

Zanga-zangarsa mafi shahara ta zo ne a ƙarshen Satumban 1979, ana gab da miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari. Fela da matansa da yaransa suka ɗauki akwatin gawa, alamar na mahaifiyarsa, suka nufi barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa ta lokacin. Suka ratsa masu gadi suka ajiye akwatin a ƙofa, don mai barin gado ya tafi da tsarabarsa. An doke su, an tsare su. Wannan ba abin dariya ba ne kamar na bokiti, amma dabarar ɗaya ce: a ajiye wa mai iko abin da in ya ɗauka ya ji kunya, in ya bari ya ji kunya. Hukumar zaɓe kuma ta ƙi yi wa jam'iyyarsa, MOP, rajista, don haka burinsa na tsayawa takarar shugaban ƙasa bai je ko'ina ba.

Ba a Najeriya kaɗai ake wannan salon adawa ba a waɗancan shekaru. A ƙasar Poland, bayan Janar Jaruzelski ya kafa dokar ta-ɓaci a Disamban 1981 don murƙushe ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity, hukumomin kwaminisanci sun riƙa shafe rubuce-rubucen adawa a bango da fenti. Wani matashi a birnin Wroclaw, Waldemar Fydrych, da abokansa suka riƙa bi suna zana hoton wada mai hula a kan kowane tabon fenti. Ƙungiyarsu, wadda duniya ta sani da Orange Alternative, ta fito titi sosai a 1987 da 1988. Suka raba wa masu wucewa takardar bayan gida kyauta a lokacin da ta yi ƙaranci a kantuna. Suka yi bikin tunawa da juyin juya halin Rasha da zaƙewar da ta wuce ta jam'iyya mai mulki, kowa sanye da ja. 'Yan sanda suka rasa ta yi. In sun kama mutum don ya sa hular wada ko ya yabi gwamnati fiye da kima, sun zama abin dariya, in sun ƙyale shi taron ya ƙaru. A watan Yunin 1988 dubban mutane suka yi maci da huluna ruwan goro, kuma shekara guda bayan haka mulkin kwaminisanci ya faɗi a akwatin zaɓe. Ba huluna ne suka kayar da shi ba, yajin aiki da durƙushewar tattalin arziki ne, amma hulunan sun rage wa mutane tsoro.

Bambancin yana da muhimmanci. Mutanen Wroclaw taro ne da ya ɓuya a ƙarƙashin hula iri ɗaya, kuma mafi yawan waɗanda aka kama a kan sake su cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, don gwamnatin ta riga ta gaji. Fela mutum ɗaya ne, an san fuskarsa, an san ƙofar gidansa, kuma sojojin da yake tsokana ba su gaji ba.

Ranar 31 ga Disamba, 1983, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki, da Tunde Idiagbon a matsayin na biyu. Gwamnati ce da ba ta san wasa ba. A ƙarƙashin shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a an ga ma'aikatan gwamnati da suka makara suna tsallen kwaɗo a ƙofar ofis, kuma Dokar Soja mai lamba 4 ta kai 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. Ranar 4 ga Satumba, 1984, aka tare Fela a filin jirgin saman Murtala Muhammed yana shirin tafiya Amurka wasa. Ya dage cewa ya cike takardar bayyana kuɗin. Takardar ba ta bayyana a gaban kotu ba, kuma jami'an kwastan da ɓangarensa ya so su ba da shaida ba a ji daga bakinsu ba. A watan Nuwamba kotun musamman ƙarƙashin Mai Shari'a Gregory Okoro-Idogu ta yanke masa ɗaurin shekara biyar. Ƙungiyar Amnesty International ta ayyana shi a matsayin wanda aka ɗaure saboda ra'ayinsa. Daga kurkukun Legas aka wuce da shi Maiduguri.

Tura ɗan adawa can nesa da gida tsohuwar dabara ce, kuma ba ta ƙare a kansa ba. An kai lauya Gani Fawehinmi Gashuwa a 1989. A zamanin Janar Sani Abacha an kai Beko Katsina, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki, shi kansa Obasanjo ya ɗanɗana na Jos da na Yola. Ga mutumin Legas, zafin bazarar Maiduguri da ƙurar hunturunta horo ne na daban. Lafiyar Fela ta taɓu, aka kwantar da shi a asibiti a garin.

Ana cikin haka, ranar 27 ga Agusta, 1985, Janar Ibrahim Babangida ya hamɓarar da Buhari, ya soke Doka ta 4, ya saki ɗaurarru da dama, har ya naɗa Olikoye, yayan Fela, ministan lafiya. Fela dai bai fita ba. Sai ga alƙalin da ya ɗaure shi ya bayyana a gefen gadonsa a asibitin Maiduguri. Bisa bayanin Fela, alƙalin ya nemi gafararsa, ya kuma shaida masa cewa matsin lamba daga sama ne ya sa ya yanke hukuncin. Labarin ya fita daga asibitin ya isa jaridun Legas. Ko da a ce ziyarar duba mara lafiya ce kawai, tambayar ta riga ta tsaya: me ya kai alƙali wurin wanda ya ɗaure, a ƙarshen ƙasa, bayan waɗanda suka kafa kotun sun faɗi? Aka ɗauke Fela zuwa kurkukun Benin, amma magana ta riga ta fita. Ranar 24 ga Afrilu, 1986, aka sake shi bayan kusan wata 20 a tsare. Alƙalin kuwa aka sallame shi daga aiki. Shugabannin da aka yi shari'ar a zamaninsu ba wanda ya amsa tambaya a kanta. Wanda sunansa ke ƙasan takardar shi ya ɗauki kayan, kuma shi Fela ya saka a cikin faifan Beasts of No Nation na 1989.

Ba daidai ba ne a mayar da shi waliyyi. A Kalakuta shi ne sarki, shi ne alƙali, kuma hukuncinsa a kan yaransa ba kullum yake da sauƙi ba. A watan Fabrairun 1978 ya auri mata 27 a rana ɗaya, ya rabu da su bayan fitowarsa daga kurkuku, kuma ra'ayinsa game da mata ya yi hannun riga da abin da mahaifiyarsa ta yi wa gwagwarmaya. Ya ɗaukaka shan wiwi a gaban matasa. Ya yi wa limaman Musulunci da na Kirista ba'a ba tare da tauna magana ba, abin da ya sa da yawa a Arewa, waɗanda suka yarda da shi kan zaluncin soja, ba su taɓa sakin jiki da shi ba. Ya kuma ƙaryata wanzuwar cutar ƙanjamau a lokacin da maganarsa za ta iya ceton rayuka.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da sanyin jiki. An sake tsare shi a 1993 kan zargin kisan kai da bai tabbata ba. A watan Afrilun 1997 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ƙarƙashin Manjo Janar Musa Bamaiyi, ta nuna shi a talabijin da ankwa a hannu, ya rame ƙwarai. Ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1997, yana da shekara 58. Washegari Olikoye ya tara 'yan jarida ya sanar cewa cutar ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa, abin da kusan babu wani babban gida a Najeriya da ya taɓa yi a lokacin.

Ranar 11 ga Agusta aka ajiye gawarsa cikin akwatin gilashi a dandalin Tafawa Balewa. Daga nan aka ɗauke ta zuwa Shrine da ke Ikeja, jama'a suka cika tituna har tafiyar ta ɗauki sa'o'i, zirga-zirgar birnin ta tsaya. Zamanin Abacha ne, lokacin da taron mutum ɗari kan jawo barkonon tsohuwa, amma sojoji da 'yan sanda suka tsaya gefe. Washegari aka binne shi a harabar gidansa da ke titin Gbemisola a Ikeja, gidan da aka mayar gidan tarihi a 2012.